Kwana a hayin rafi: abin da 'yar jakar ƙugu ta iya da abin da ta kasa

Aikin da ya kai mu dajin ba wani babba ba ne. Kawuna ne ya sayi gona a ƙasar Igabi, can ciki idan an sauka daga kwaltar da ta tashi daga Mararrabar Jos ta nufi Pambeguwa da Saminaka, ya ce in je in zagaya iyakokinta da waya, in ɗauko masa kusurwoyin kafin mai safiyo ya zo. Mu uku muka shiga. Akwai ni, akwai wani dattijo mafarauci da mai unguwar ƙauyen ya haɗa ni da shi saboda shi ya san inda gonar wane ta tsaya ta wane ta fara, kowa Baba yake ce masa, sai yaron da ya ɗauko mu a babur, wanda bai fi shekara ashirin ba. Ƙarshen Agusta ne, ana tsakiyar marka.

Tsakanin inda hanyar babur ta ƙare da gonar akwai rafi. Da hantsi da muka isa, ruwansa iyakarsa idon sawu, har ana ganin yashin ƙasa. Muka kafe babur a wata bukkar gona, na rataye babbar jakata a ciki don kada ta dame ni da nauyi. A cikinta akwai ruwa gora biyu, burodi da kifin gwangwani, rigar ruwa, fawa bank, da walat mai ɗauke da katin ɗan ƙasa da kuɗi. Lissafina awa biyu ne mu dawo. Abin da ya haye tare da ni shi ne 'yar jakar da ke maƙale a bel ɗina, wadda girmanta bai wuce tafi biyu ba, sai waya a aljihu da fiya wata guda biyu a hannu.

Bayan azahar hadari ya haɗu a gabas. Ruwan ya fara zuba can inda rafin ya taso tun kafin ya iso kanmu, saboda haka da muka dawo bakin rafi gab da la'asar, ba wanda muka bari muka tarar ba. Ya yi ja, ya cika ya batse, yana tafe da kututture da karan masara. Ga bukkar da jakata ke ciki muna hangowa, jifa ɗaya ce tsakaninmu da ita.

Yaron ya fara naɗe wando. Babur ɗin ba nasa ba ne, kullum da yamma yake kai wa mai shi balas. Baba ya riƙo hannunsa ya ce, "Ɗana, zauna. Babur a kasuwa ake sayarwa, rai kuwa ban taɓa ganin rumfarsa ba." Hukumar kula da yanayi ta Amurka na gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Namu ya kai ƙugu, yana kuma ƙaruwa. Muka ja da baya, muka san nan za mu kwana.

Abin da kowa ya zazzage

Da muka sami tudu muka tsuguna, Baba ya ce kowa ya fito da abin da yake da shi.

Tawa jakar a gwanjo na saye ta a Kasuwar Barci, mai launin kakin soja. Kayan cikinta kuma daga bidiyoyin Turawa masu shiga daji na kwaso su a YouTube, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na tambayi kaina wane daji suke nufi ba. Akwai sandar ƙyastu ta zamani, ƙugiyoyin kamun kifi da zarensu, zarton waya, ɗan kamfas kamar maɓallin riga, usur, madubi, filasta shida, ƙwayoyin tsaftace ruwa, igiyar nailan mita uku, wuƙa mai baki da yawa, bargon leda mai ƙyalli, 'yar tocila, da wani famfo da aka ce yana zuƙo dafin maciji. Kaya goma sha uku. Ina alfahari da su sosai kafin wannan rana.

Baba burgami ne da shi na fatar akuya, ya yi baƙi don tsufa. Ya fito da wuƙa a kubenta, laita, ashana a cikin kwalbar magani, yankakkun robar tiyub ɗin keke, dunƙulen audugar rimi a ƙulle cikin leda, gwangwanin madara wanda ba komai a ciki, goro huɗu, ƙuli-ƙuli, wata ƙatuwar baƙar leda a ninke, 'yar Nokia, da ƙullin magani da bai ce mana ko na mene ne ba. Adda kuma dama tana hannunsa tun safe.

Yaron yana da babbar waya, makullin babur, da naira ɗari biyar. Silifas ne a ƙafarsa.

Jiƙewa

Abin da ya fara cin mu ba yunwa ba ce, ba kuma ƙishi ba. Sanyi ne. Mutum zai yi mamaki a ce sanyi a Agusta, alhali ba hunturu ake ba, amma rigar auduga in ta jiƙe sharkaf iska na kaɗawa, zafin jiki zubewa yake kamar ruwa a kwando. Kafin magariba haƙoran yaron sun fara haɗuwa.

Baba ya ƙi gindin wata doguwar ɗorawa da ke tsaye ita kaɗai, saboda tsawa, ya zaɓi tsakanin kalgo biyu gajeru a kan tudu, nesa da gaɓar rafi. Ya farke baƙar ledarsa ta buɗe, muka ɗaure ta da igiyata. Mita uku ba ta kai ko'ina ba, kusurwa biyu kawai ta kama. Sauran da ɓawon kalgo ya ɗaure, ya ɗaye shi da wuƙa ya murɗa, minti biyar an gama. Bargon leda mai ƙyalli da nake ganin wasa ne, shi muka lulluɓa wa yaron bayan ya matse rigarsa, kuma ya yi aiki, duk da cewa ya yage a gefe tun kafin isha, ga ƙara kamar ana taka busasshen ganye duk motsin da ya yi.

Wuta

A nan na fi jin kunya, a nan kuma na fi ƙaruwa.

Sandar ƙyastun nan ƙarfe ne irin wanda ke cikin kan laita, wani masanin kimiyya ɗan Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, ya haɗa shi a 1903. Ba ruwansa da jiƙewa, ko daga cikin kogi ka tsamo shi zai ba da tartsatsi. Wannan ne ya sa masu bidiyo ke yabonsa. Abin da ban lura ba shi ne, su a busasshen ɓawon itace suke kankara shi, ko a audugar da suka taho da ita daga gida. Ni kuwa na tara ciyawa jiƙaƙƙiya, na yi ta kankara kusan kwata na awa, tartsatsi na zuba kamar walda, ko hayaƙi babu.

Baba bai ce mini komai ba. Ya tashi ya nemo busasshen reshen marke wanda bai faɗo ƙasa ba, don na ƙasa ya riga ya sha ruwa. Ya faskara shi da adda, ya fito da cikinsa a bushe ƙarau, ya fere shi sirara-sirara. Sannan ya kunna yankin roba ɗaya da laita ya sa a ƙarƙashi. Roba ba ta damu da lema ba, tana ci a hankali da harshe mai ƙarfi har ta busar da abin da ke samanta. Hayaƙinta baƙi ne mai wari, ba a tsayawa a kansa, ba a kuma gasa abinci sai ta cinye, amma cikin minti kaɗan wuta ta kama.

Bayan an natsu ya miƙo hannu ya ce in ba shi sandar. Ya juya ta, ya tsinko audugar rimi kamar ƙwayar gyaɗa, ya buɗe ta, ya kankara sau ɗaya. Ta kama nan take. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ƙyastu ne. Da shi iyayenmu ke kunna taba, ƙarfe da ƙanƙara da audugar rimi. Kai ka zo da mijin ka bar matar a gida."

Abin da ke ba da tartsatsi ko harshe ba shi ne matsala ba, laita ta ɗari biyu ta wadatar, a ƙara ashana a kwalba don ko ta ƙi. Abin da daji ba zai ba ka ba da damina shi ne busasshen makamashi na farko, kuma shi ne bai da nauyi ko kaɗan. Audugar rimi da rani take fashewa tana yawo a iska kyauta. Wanda bai samu ba, audugar kemis da aka murza da basilin tana yin fiye da haka, don tana daɗewa tana ci. Da hunturu kuma lissafin juyawa yake: kunna wutar ba wuya, tsare ta ne aiki, domin tartsatsi ɗaya a busasshiyar gamba ya isa ya cinye amfanin gonar ƙauye guda.

Ruwan sha

Fiya wata biyu sun ƙare tun kafin la'asar. Ina da ƙwayoyin kulorin guda goma, amma ba ni da mazubi. Irin waɗanda na saya ƙwaya ɗaya ta lita ɗaya ce, a jira minti 30, ni kuwa ba ni da abin da zai ɗauki ko kofi ɗaya in ban da ledojin fiya watan da na cusa a aljihu don kada in zubar a gonar mutane.

Sa'armu ruwan sama na zuba. Baba ya karkata gefen ledar rumfa, ya bar na farko ya wanke ta, sannan ya tara gwangwaninsa. Muka cika ledojin ma. Ruwan rafi ba mu taɓa shi ba, kuma daidai ne: ambaliya na ɗebo kashin shanu da na mutane, da taki da maganin feshi daga gonaki. Kulorin na kashe yawancin ƙwayoyin cuta amma ba ya cire guba, kuma a ruwa mai laka ƙarfinsa raguwa yake, sai an bar shi ya kwanta an tace da ƙyalle. Alif da mutanenmu ke jefawa a randa laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe komai. Gaskiya ne tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu, amma kwalara da taifot suna nan, tsargiya kuwa ba sai an sha ba, ta fata take shiga idan an tsoma jiki a ruwan da ke kwance.

Gwangwanin madaran nan shi ya zama kofi, shi ya zama tukunya. A ciki aka tafasa ruwan da aka wanke wa yaron rauni.

Raunin ya same shi ne wajen neman itace, wani tsinin kututture ya bi ta gefen silifas ya tsaga masa tafin ƙafa. Filastocina shida ba wadda ta kama, fata a jiƙe, wurin kuma ana takawa. Baba ya yage gefen rawaninsa, muka danne wurin har jinin ya tsaya, aka wanke, aka naɗe. Bandeji ɗaya mai naɗi da gwoz biyu da sun fi mini filasta ɗari. Washegari aka kai shi asibitin sha-ka-tafi aka yi masa allurar tetanus.

Waya

Tawa ta wuni tana aikin taswira, saura kashi 18. Ta yaron ta mutu kafin magariba, saboda ya yi ta kiran mai babur ba ƙaƙƙautawa a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kuma ba abin da ke shan caji kamar waya mai neman sabis. 'Yar Nokiar Baba, wadda ya ce tun ranar kasuwa rabonta da caji, ita ce ta fitar da mu. Na hau wani dutse da ita, na rubuta saƙo ga ɗan mai unguwa da kuma kawuna, a gwaji na huɗu ya tafi. Saƙon rubutu kan ratsa inda kira ya kasa, don ɗan lokaci kaɗan yake buƙata. Lambar kawuna kuwa sai da na duba a tawa wayar, ban haddace ta ba. Da ta riga ta mutu, da lambar da ke kaina ita ce 112 ta gaggawa, sai ta matata.

Kamfas ya yi aiki sau ɗaya, wajen duba alƙibla da magariba tunda ba rana, kuma Baba ya riga ya fuskanci wajen kafin allurar ta tsaya.

Mutane

Wannan ne sashen da ba bidiyon da ya shirya ni a kansa.

A ƙa'idar masu hawan duwatsu a Amurka, busa usur sau uku na nufin a kawo ɗauki. Da magariba ta yi na ciro nawa na busa, da fatan wani a tsallaken rafi zai ji. Ina shirin sakewa Baba ya fizge shi daga bakina. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai lokacin. "Wa ka kira?" ya ce. Na ce masu taimako. Ya ce, "Ka san su waye ke jin ka?"

Jerin kayan da na kwafa an tsara shi ne don dajin da ba kowa, inda babban burin wanda ya maƙale shi ne a gan shi, a ji shi. Dajin Kaduna ba haka yake ba. Akwai gonaki, akwai rugage, akwai masu gadin masara, akwai 'yan sa-kai, akwai kuma waɗanda saboda su ake gadin. Jihar da aka tare jirgin ƙasan Abuja a ranar 28 ga Maris 2022, aka kuma kwashe 'yan makaranta a Kuriga ranar 7 ga Maris 2024, ba wanda zai ji usur da dare a bayan gonarsa ya ɗauka baƙo ne ke neman agaji.

Bayan isha, ruwa ya tsagaita, muka ga tociloli na tahowa ta ɓangarenmu. Baba ya ce in kashe tawa, kowa ya zauna inda hasken wuta zai nuna hannuwansa. Tun suna nesa ya ɗaga murya ya yi sallama, ya faɗi sunansa da na gidansu, da sunan mai unguwar da ya turo mu. Su biyar ne, biyu da bindigar toka, sauran da gora da adda. Babbansu ya san Baba, suka gaisa har da tambayar iyali. Sannan hasken ya dawo kaina ya tsaya.

Na ga kaina yadda suke ganina: baƙo, da jaka mai launin soja a ƙugu, da kamfas, da zarton waya a murɗe mai zobe biyu, da usur, a wayarsa kuma taswirar dajinsu da ɗigo-ɗigo da aka yi wa alama. In an ce a zana hoton infoma, da wuya a wuce haka. Aka ce in nuna kati. Katina na rataye a bukka a tsallaken ruwa. Yaron da nake ganin bai zo da komai ba, shi ya ɓare murfin matacciyar wayarsa ya ciro takardar lambar ɗan ƙasa a ninke.

Abu uku suka wanke ni. Na farko fuskar Baba. Na biyu saƙon da ke cikin Nokia, da amsar ɗan mai unguwa cewa sun gani, za su zo da safe. Na uku gaisuwar da na tsaya na yi a ƙofar mai unguwa da safe, wadda a lokacin nake ganin ɓata lokaci ce. Baba ya fasa goro biyu ya miƙa, aka karɓa, murya ta sauka. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Na kuma san yadda irin wannan tsayuwa kan ƙare idan ba wanda ya san wani: a Maris 2025 an kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida, bisa zargin masu garkuwa da mutane ne.

Suka kai mu wata bukkar gadi da ba ta da nisa, yaron na dogara sanda, a can muka ƙarasa daren. Babbansu kafin ya tafi ya ce mini, "Malam, wannan jakar ka canza ta. Mu mun tambaye ka. Wani ba zai tambaya ba." Sojoji ma sun sha gargaɗin farar hula kan sa kaya masu launin kakinsu, na sani, amma ban taɓa kawo 'yar jaka a lissafin ba.

Sauro ya ci mu a bukkar nan kamar an aiko shi. Ƙuli-ƙulin Baba muka raba uku. Kwana goma sha biyu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da ni, gwaji ya nuna maleriya, daidai tazarar kwana 10 zuwa 15 da cutar kan ɗauka kafin ta bayyana.

Maciji

Da gari ya waye, yaron ya ɗaga wani dami a gefen bukka, sai ga kububuwa a naɗe tana goga jikinta tana wannan ƙara tata. Ba ta sari kowa ba, Baba ya gama da ita da gora. Amma ta sa na ciro famfon zuƙar dafin nan na dube shi da kyau. Likitoci sun daɗe da cewa ba ya fitar da dafin kirki, yana ma ƙara lalata wurin. Haka tsagawa da reza, haka tsotsa da baki, haka baƙin dutsen da ake mannawa, haka ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba, wanda kan jawo a yanke ƙafar da da ta warke. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake, wanda aka tsaga kuwa an buɗe masa ƙofar zubar jini ne. Abin da ake yi shi ne a cire zobe ko agogo kafin kumburi, a ɗaura wa ƙafar sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutum a kai shi asibitin da ke da allurar kashe dafi. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe da wannan aikin ya yi suna, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.

Na faɗa wa Baba haka. Ya saurare ni har na gama, ya shafa ƙullin maganinsa, ya ce shi dai nasa na gado ne. Ban ja ba. Amma da na ce to in ni aka sara fa, ya ce, "Kai asibiti za mu kai ka, jininka na birni ne." Na karɓi wannan a matsayin yarjejeniya.

Da hantsi ruwa ya sauka ƙasa da gwiwa. Muka haye ɗaya bayan ɗaya da sanda, fuska na kallon inda ruwan ke fitowa. Ɗan mai unguwa na jiran mu a bakin bukka, babur na nan, jakata na nan, burodin ne kawai tururuwa suka riga mu.

Lissafi

Cikin kaya goma sha uku, huɗu ne suka yi aikin da ya taɓa lafiyarmu: bargon leda, igiya, tocila, da wuƙa, ita ma baki ɗaya kawai na buɗe cikin bakunanta. Ƙwayoyin ruwa da sandar ƙyastu nagari ne amma na kawo su ba abokan aikinsu. Ƙugiyar kifi da zarton waya da madubi ko fito da su ban sake yi ba. Wanda zai kwana ɗaya ba kifi yake nema ba, kuma adda na yin aikin zarton nan sau goma kafin ya yanka reshe ɗaya. Filasta ta kasa. Famfon dafi da an yi amfani da shi cutarwa zai yi. Usur da launin jakar kuwa sun kusa jawo mana abin da ya fi ruwan.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ban fahimci aikin 'yar jakar ba. Na ɗauke ta ƙaramin shagon kayan daji, alhali ita ta lokacin da aka raba ka da babbar jaka ce, ko rafi ya raba ku, ko ka ajiye ta ka ce yanzu zan dawo. Saboda haka duk abin da rashinsa zai hana ka kai safe, ko ya hana ka bayyana ko kai wane ne, a ƙugu ya kamata ya kwana. Ni kuwa na sa kati da kuɗi da rigar ruwa a babbar, na sa ƙugiyar kifi a ƙaramar.

Yanzu wani baduku ya ɗinka mini ta jar fata, mai murfi da maɗauri, wadda in ka gan ta za ka ce ta mai sayar da goro ce. A aljihun gaba, cikin leda mai zif, akwai kwafin katin ɗan ƙasa, takarda mai lambobin mutum huɗu da sunan mai unguwar duk inda zan shiga, guntun fensir, da kuɗi ƙanana-ƙanana, don a ƙauye ba mai canjin dubu kuma ba mai karɓar tiransifa inda ba sabis. A ciki akwai laita, ashana a kwalba, roba yanka biyar, da auduga. Akwai babbar leda mai kauri irin ta shara, wadda in an huda ta zama rigar ruwa, in an farke ta zama rumfa, da sabon bargo mai ƙyalli. Igiya ta koma mita takwas, siririya. Ƙwayoyin ruwa na nan, amma yanzu tare da ledar lita ɗaya mai zif, kuma duk ƙananan kayan a cikin wani ɗan kofin silba suke zaune, shi ne magajin gwangwanin Baba. Bandeji ɗaya, gwoz biyu, farasitamol, fakiti biyu na gishiri da sukari na kemis, man shafawa na korar sauro, dabino bakwai. Tocila da batir na canji. Wuƙa mai naɗewa mai baki ɗaya, ƙarama, wadda ba za ta jawo dogon bayani a shingen bincike ba. 'Yar ƙaramar waya mai layin wani kamfani daban tana aljihun wando, a kashe. Na auna jakar a sikelin mai nama, ta ɗan haura rabin kilo. Fiye da haka bel zai fara ja, kuma jakar da ke ja ita ce ake cirewa a rataye a bukka.

Ruwa ba ya shiga 'yar jaka, lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka gora na rataye a kafaɗa ko da tafiyar ta minti goma ce. Takalmi mai rufe idon sawu shi ma ba a jaka yake ba, amma na saya wa yaron rambut kafin in sake hawa babur ɗinsa.

Usur ɗin na daɗe ina juya shi. A kan duwatsun Kagoro ko Kufena da rana, cikin ayarin da aka yi magana tun farko cewa busa uku na nufin wani ya faɗi, yana da amfani, don murya kan dushe shi kuwa ba ya dushewa. Na mayar da shi, amma can ƙasa, ƙarƙashin bandeji, inda sai na zazzage komai kafin hannuna ya kai gare shi.

Sandar ƙyastu kuwa ba ta dawo gida ba. Ranar da muka koma da mai safiyo, Baba ya tambaye ni ko tana nan, na ba shi, ya jefa a burgami, ya ciro dunƙulen audugar rimi ya raba biyu ya ba ni rabi. Ita ce a cikin kofin yanzu.